Kwantena ɗaya, asarar kowa: me ya sa kamfanonin jiragen ruwa ke ƙiwuyar kashe kuɗin tsaro

A farkon watan Janairun 2019 wuta ta tashi a cikin wata kwantena da ke kan jirgin ruwan Yantian Express na kamfanin Hapag-Lloyd, yana tsakiyar tekun Atilantika a hanyarsa ta zuwa Halifax a Kanada. Aka yi kwana da kwanaki ana fama da ita, har ta kai ga kwashe ma'aikatan jirgin zuwa wani jirgin ceto, daga bisani aka kai shi Freeport a Bahamas. Masu bincike na Jamus sun ce abin da ya fi kama hankali shi ne gawayin ƙoƙon kwakwa ne ya haddasa gobarar. Gawayi yakan ɗau zafi da kansa idan aka tula shi a rufaffen wuri, shi ya sa yake da dokokin lodi na musamman. Amma wanda ya aiko da wannan bai rubuta gawayi a takarda ba. Wani suna ya sa, na kayan kwakwa da ba su da haɗari.

A teku akwai wata tsohuwar ƙa'ida, tun zamanin 'yan kasuwar tsibirin Rodes na Girka, wadda ta ce idan aka kashe dukiya don ceton jirgi daga halaka, duk mai kaya a cikinsa zai ɗauki rabonsa na asarar gwargwadon darajar kayansa. A kan wannan jirgi, mutanen da wuta ba ta ko lashi kwantenarsu ba sai da aka nemi su ajiye jingina ta fiye da rabin kuɗin kayansu kafin a sakar musu. Mai inshora, kamfanin inshorarsa ya tsaya masa. Wanda ba shi da ita, daga aljihunsa. Mutum ɗaya ya tsimi 'yan daloli ta hanyar ƙarya a takarda, ɗaruruwan da ba su san shi ba suka biya.

Wanda bai san harkar ba zai ce ai sai a riƙa buɗe kowace kwantena ana dubawa. Ba ya yiwuwa. Duk amfanin kwantena, tun da ɗan kasuwar Amurka Malcom McLean ya ɗora guda 58 a kan jirgin Ideal X a 1956, shi ne ba a buɗe ta. A cika ta a masana'anta, a ɗaura mata hatimi, ta hau mota, ta hau jirgin ƙasa, ta hau jirgin ruwa, a sauke ta a wata tasha a ɗora wa wani jirgin, ba wanda ya leƙa ciki. Wannan ne ya karya kuɗin dakon kaya a duniya. Manyan jiragen yau suna ɗaukar abin da ya kai kwantena dubu 24 masu tsawon ƙafa 20. Kyaftin ɗin jirgi bai san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba sai abin da takarda ta faɗa masa, takardar kuma ta bi ta hannun mai kaya, da ejan, da dillalin da ya haɗa kayan mutum goma a kwantena guda.

Sannan akwai ƙawance. Manyan kamfanoni ba sa cika jirgi da kayansu kaɗai. Suna musayar gurbi. Maersk da MSC sun yi shekara goma a ƙawancen 2M kafin su rabu a farkon 2025, lokacin da Maersk ya koma ya haɗa kai da Hapag-Lloyd. CMA CGM da COSCO da Evergreen da OOCL suna nasu ƙawancen tun 2017. Ma'ana, jirgin kamfani guda yana ɗauke da kwantenonin da wasu kamfanoni uku suka karɓa, da irin nasu tantancewar ko rashinta.

A nan ƙa'idar wasa take da abin cewa. Reshe ne na lissafi da John von Neumann da Oskar Morgenstern suka kafa harsashinsa a 1944, John Nash ya faɗaɗa shi a 1950, kuma abin da yake nazari shi ne yadda mutum ke yanke shawara a inda sakamakon shawararsa ya rataya a kan abin da wasu za su yi. A 2003 masana tattalin arziki biyu a Amurka, Howard Kunreuther da Geoffrey Heal, suka ɗora wannan lissafi a kan tsaron da ya sarƙe da na maƙwabci. Misalin da suka kafa hujja da shi na jirgin sama ne: Pan Am 103 da ya tarwatse a sararin garin Lokabi na Sikotilan a Disambar 1988, mutum 270 suka rasu. Kotun da ta yi shari'ar ta yanke cewa akwatin bam ɗin daga Malta ya shigo, ya bi ta Farankfot ta Jamus, aka miƙa shi ga jirgin da ya tashi daga Landan. Ko da Pan Am ya tsefe kayan kowane fasinja da ya zo kantarsa, akwatin da ya kashe mutanen ta wata ƙofa ya shigo.

Bari mu ɗora lissafin a kan jirgin ruwa, da alƙaluma na misali kawai don a ga yadda abin ke juyawa. A ce idan jirgi ya ƙone asarar dala miliyan 100 ce. A ce yiwuwar kayan da kamfani ya karɓa da hannunsa su haddasa gobara kashi 10 cikin 100 ce idan bai tantance ba, tantancewar kuma za ta ci masa miliyan 8. Idan abokan ƙawancensa duk suna tantance nasu, hisabin a fili yake: ya kashe 8 ya kauce wa asarar da a kan ma'auni ta kai 10. Zai yi. To amma a ce abokan ba sa yi, kuma akwai yiwuwar kashi 30 cikin 100 cewa kayansu za su ƙone jirgin ko da shi ya gyara nasa. Jirgi sau ɗaya yake ƙonewa. Don haka tantancewarsa tana da amfani ne kawai a kashi 70 na lokutan da kayan wasu ba su riga sun yi ɓarnar ba. Amfanin ya sauko daga 10 zuwa 7, kuɗin kuwa yana nan a 8. Akantan kamfanin zai ce a bari, kuma bai yi kuskuren lissafi ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan lissafi shi ne yana da mazauni biyu. Akwai yanayin da kowa ke kashe kuɗin tsaro, ba wanda ke son janyewa domin janyewar asara ce gare shi. Akwai kuma yanayin da ba mai yi, ba kuma wanda zai fara domin farawa shi kaɗai asara ce. Kamfanonin iri ɗaya ne, kuɗin iri ɗaya, haɗarin iri ɗaya. Bambancin kawai shi ne abin da kowa ke zaton sauran za su yi. Wannan ya sha bamban da sanannen misalin fursunoni biyu da ake yi wa tambayoyi a ɗaki daban-daban, inda cin amanar ɗan'uwa ke fi wa kowa riba ko me ɗayan ya yi. A can sai da sanda a kullum. A nan kuwa turawa guda mai ƙarfi tana iya isa. Idan manya biyu ko uku suka fara, haɗarin da ke zuwa daga waje ya ragu, sai lissafin na huɗu ya juya, na biyar ya bi shi. Masanin tattalin arziki Thomas Schelling ya daɗe da bayyana irin wannan rinjaye. Kuma harkar kwantena ta dace da shi sosai, tunda kamfanoni goma ne ke riƙe da fiye da kashi 80 cikin 100 na ɗaukacin gurbin da ke kan teku. An ga saurin wannan bin sahu a tsakiyar Disambar 2023, lokacin hare-haren 'yan Husi na Yaman a Bahar Maliya: cikin 'yan kwanaki Maersk da Hapag-Lloyd da MSC da CMA CGM duk suka dakatar da bi ta can, aka koma zagaye ta ƙasan Afirka ta Kudu.

Watanni kaɗan bayan gobarar Yantian Express, Hapag-Lloyd ya sanar da tarar dala dubu 15 a kan kowace kwantena da aka ɓoye haɗarin kayanta, wasu kamfanonin ma suka sa tasu. Tara tana da amfani, domin tana mayar da wani ɓangare na asarar kan wanda ya jawo ta. Amma tana da rami. Maƙaryacin da kamfani ɗaya ya kora yakan ɗauki kayansa ya kai wa na gaba, kuma saboda ƙawance kwantenar tana iya dawowa kan jirgin wanda ya kore ta tun farko. Maganin wannan shi ne musayar bayanai a kan masu ƙarya, abin da kamfanoni suka daɗe suna jan ƙafa a kai, saboda sunan abokin ciniki sirrin kasuwa ne, kuma hukumomin hana haɗa baki a farashi suna sa ido a kan duk wata ganawa tsakaninsu.

Tashoshin jiragen ruwa ma suna cikin wasan. A Mayun 2021 ma'aikatan jirgin X-Press Pearl suka gano wata kwantena tana yoyon asid. An nemi a sauke ta a tashar Hamad ta Katar, an sake nema a Hazira ta Indiya, duka biyun suka ce ba su da kayan aikin karɓarta. Jirgin ya ci gaba, ya kama da wuta a gaɓar Kolambo, ya nutse, ƙwayoyin roba suka rufe rairayin bakin tekun Siri Lanka, masunta suka rasa abin yi. Kowace tasha ta kare kanta. Ƙasar da ba ta loda kwantenar ba ita ta sha ɗaukar gawar.

Masanin tattalin arziki Jack Hirshleifer ya bayyana wannan nau'i, inda tsaro ya rataya a kan mafi rauni, a 1983 da misalin tsibirin da kowane magidanci ke gina ganuwar tare ruwa a gefen gonarsa: idan ambaliya ta zo, tsaron tsibirin gaba ɗaya daidai yake da tsawon ganuwar da ta fi gajarta. Wake ɗaya ke ɓata gari. Babu inda wannan ya fito fili kamar a harkar kwamfuta. Ranar 27 ga Yunin 2017 muguwar manhajar NotPetya ta bazu ta cikin M.E.Doc, wata manhajar lissafin haraji da kamfanoni ke amfani da ita a Yukiren. Ba Maersk aka nufa ba. Amma ofishinsa a can yana da manhajar, daga nan cutar ta bi layi ta kashe kwamfutocin kamfanin a duniya. Tashoshi 17 na reshensa APM Terminals suka tsaya cik, manyan motoci suka yi dogon layi a bakin ƙofa ba wanda ya san wace kwantena ce ta wa. Shugaban hukumar gudanarwar kamfanin na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya ce sai da suka sake girka manyan kwamfutocin ajiya dubu 4 da ƙanana dubu 45 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Kamar yadda aka ruwaito daga baya, kwafi guda na rumbun da ke riƙe da sunaye da izinin shiga na duk ma'aikata ya tsira ne a ofishin kamfanin na Gana, saboda an ɗauke wuta a can kafin harin, na'urar ba ta kan layi. Aka ɗauko faifan zuwa Najeriya, daga nan wani ma'aikaci ya tashi da shi zuwa Ingila. Kamfani mafi girma a harkar a lokacin, ƙaddara ce ta cece shi, ba tsari ba. Kuma raunin da ya kayar da shi yana cikin wani ƙaramin kamfanin manhaja a Kiyef wanda ba ya cikin kasafin tsaron kowa.

Sai dai ba duk tsaro ne mai wannan siffa ba, kuma a ganina babban kuskuren masu tsara manufofi shi ne ɗaukar magani guda don cututtuka uku. Akwai tsaron da idan ka yi shi maƙwabcinka ke amfana, akwai kuma wanda idan ka yi shi maƙwabcinka ke shiga uku. Duk wanda ya zauna a unguwa ya san haka: mai hali ya ɗaga katanga ya sa waya mai ƙaya ya ɗauki maigadi, ɓarawo bai tuba ba, gidan da ke gefe ya koma.

Fashin teku a gaɓar Somaliya ya kai ƙololuwa a 2011, inda ofishin da ke tattara rahotannin fashin teku na duniya ya lissafa hare-hare 237. Masu jirage suka fara nannaɗe jiragensu da waya mai reza, suna ƙara gudu, suna gina ɗakin ɓuya mai ƙofar ƙarfe, suna ɗaukar masu gadi da bindiga. Ɗan fashi a cikin ƙaramin kwalekwale yana hango wayar da bindigar, sai ya bari ya jira jirgi mai tafiyar hawainiya wanda mai shi bai iya biya ba. A irin wannan wasa matsalar ba ƙarancin kashe kuɗi ba ce. Kowa yana kashewa har ya wuce kima, don kada ya zama shi ne mafi sauƙin kamu, jimillar haɗarin kuwa ba lallai ta ragu daidai da kuɗin ba. Haka ake gani a safarar hodar iblis. Tashar Antwaf ta Beljiyom ta kama tan 116 a 2023. Da aka matsa a can da Rotadam ta Holan, hukumomin Turai da kansu suka yi ta gargaɗin cewa masu safarar suna karkata zuwa ƙananan tashoshi, wanda yana cikin dalilan da suka sa Tarayyar Turai ta ƙaddamar da ƙawancen tashoshinta a Janairun 2024.

Nau'i na uku shi ne tsaron da ba a iya hana kowa cin moriyarsa. Jiragen yaƙin da Tarayyar Turai ta tura ƙarƙashin shirin Atalanta daga Disambar 2008, da rundunar haɗin gwiwa da ta biyo baya a 2009, sun tsare mashigin tekun Adan ga kowa da kowa. Jiragen kasuwanci da yawa suna ɗauke da tutar Panama ko Laberiya ko tsibiran Mashal, ƙasashen da ke karɓar kuɗin rajista amma ba su da rundunar da za su aika. Masu biyan haraji na wasu ƙasashe ne suka ɗauki nauyin. Masanin tattalin arziki Mancur Olson ya yi bayanin wannan tun 1965: a irin wannan yanayi babba ne ke biya, domin shi ne rabonsa na amfanin ya isa ya rufe kuɗin, ƙanana kuma su raɓa.

Amurka ta gwada hanyoyi biyu bayan harin 11 ga Satumban 2001, kuma bambancin sakamakonsu darasi ne. Hanya ta farko ta taɓa lissafin 'yan kasuwa. Shirin C-TPAT ya ce wa masu shigo da kaya: ku tsare hanyar kayanku tun daga masana'anta, ku tilasta wa masu kawo muku kaya su yi haka, mu kuma mu rage tsayar da kwantenoninku. Aka kafa dokar aiko da bayanin kaya awa 24 kafin a loda su a tashar waje. Aka tura jami'an kwastam na Amurka su zauna a manyan tashoshin duniya kusan 60 suna zaɓo kwantenonin da ake shakka. Tashar da ta ƙi shiga tana tsoron kasuwa ta koma wa maƙwabciyarta, sai aka yi ta bin sahu. A gefe guda, hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa ƙa'idojin tsaron jirage da tashoshi da suka fara aiki ranar 1 ga Yulin 2004, suka zama ƙasan da ba a yarda kowa ya faɗa ƙarƙashinsa ba. Hanya ta biyu umarni ce tsagwaronta: a 2007 majalisar dokokin Amurka ta ce zuwa 2012 dole a haska kowace kwantena da na'ura a tashar da ta taso. Wa zai sayi na'urorin, wa zai biya ma'aikata, wa zai ɗauki asarar cunkoso? Ƙasashen waje. Wa zai amfana? Amurka. Tarayyar Turai ta ƙi fur, ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka kuma ta yi ta ɗage wa'adin shekara bibbiyu. Doka ce da ta nemi wani ya biya kuɗin tsaron wani, ba tare da an ba shi komai ba.

Wannan ya kawo mu gaɓar tekun Gini, inda abin ya shafi aljihunmu kai tsaye. A 2020, cikin ma'aikatan jirage 135 da aka sace a duniya, 130 a wannan yanki aka ɗauke su. A Janairun 2021 aka hau jirgin kwantena mai suna Mozart, aka kashe injiniya ɗaya, aka tafi da Turkawa 15. Duk nau'o'in wasan uku sun haɗu a nan. Ruwan ya ratsa iyakokin ƙasashe da dama, ɗan fashi yana tsallakawa daga ruwan wannan zuwa na waccan, ƙasar da ta fi rauni ita ce ƙofa. Yarjejeniyar Yawunde ta 2013, wadda ƙasashen yankin suka ƙulla a tsakaninsu, an yi ta ne don toshe wannan, amma cibiyoyin da ta kafa sun daɗe suna kukan rashin kuɗi. Masu hali suna hayar jiragen rakiya, marasa hali su shiga da addu'a. Najeriya ta kafa dokar hukunta fashin teku a 2019, ta ƙaddamar da shirin tsaron teku mai suna Deep Blue na dala miliyan 195 a Yunin 2021. Denmak, ƙasar Maersk, ta turo jirgin yaƙi a ƙarshen 2021, daidai da hasashen Olson, ta kuma janye shi a farkon 2022 da rikicin Yukiren ya taso, wanda ke nuna iyakar dogaro da babba. Satar mutane ta ragu ƙwarai tun daga lokacin.

Ga inda nake ganin an yi rashin adalci, kuma an yi wauta. Hukumomin Najeriya sun yi shekaru suna kokawa cewa duk da raguwar hare-hare, ba a cire ƙarin kuɗin inshorar haɗarin yaƙi da ake ɗora wa jiragen da ke zuwa ba. Wannan kuɗi ba ya tsayawa a Landan ko Kopenhagen. Yana shiga kuɗin dako, ya sauka a Apapa ko Lome ko Tema, ya hau tirela, ya isa kan farashin bandir ɗin shadda a Kantin Kwari da buhun shinkafa a Maraɗi. Idan ƙasa ta kashe kuɗin tsaro, amfanin ya tafi wa masu jirage da masu inshora, farashin bai sauka ba, me zai sa ministan kuɗi na gaba ya sa hannu a kan kuɗin man jiragen sintiri? An koya masa cewa gyara da rashin gyara duk ɗaya ne a wurin kasuwa. Masu inshora suna da hujjarsu, cewa tushen matsalar a kan tudu yake kuma fashin na iya dawowa. To sai su faɗi ma'aunin a fili: shekara nawa ba hari, sintiri nawa, shari'a nawa, kafin kuɗin ya sauka da kaza. Ƙasa ta san abin da take saye da kuɗinta.

Haka kuma manyan kamfanonin da ke cin ribar tashoshin Afirka ta Yamma ya kamata su sa kuɗi a tsaron tashoshin da suka fi rauni, da cibiyoyin musayar bayanai na Yawunde, da horar da ƙananan ejan-ejan da ke cika takardun kaya masu haɗari. Ba sadaka ba ce. Inda tsaro ya rataya a kan mafi rauni, dala guda da aka kashe a ƙaramar tashar da ba ta da na'urar haska kaya ta fi rage wa Maersk ko MSC haɗari a kan dala goma da za a ƙara a Rotadam, wadda ta riga ta ƙoshi. Kamfanonin sun riga sun san yadda ake tara kuɗi tare, tunda ƙungiyoyin inshorarsu na taimakon juna, waɗanda ke rufe kusan kashi 90 cikin 100 na jimillar girman jiragen da ke ratsa manyan tekuna, suna raba manyan asarori a tsakaninsu shekara da shekaru. Asusun da ke biyan diyya bayan jirgi ya ƙone yana iya ware wani kaso don na'urori da horo a tashoshin da kwantenonin ke tasowa.